Tambayar da Inna Ta Aike Ni da Ita

Mijina ya kwashe shekaru yana koya wa fastoci yadda ake zama kusa da marar lafiya, amma da mahaifiyarsa ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba, sai ga shi bai san inda zai ajiye kujerarsa ba. Ba don in tona masa asiri nake faɗa ba. Shi da kansa yana ba ɗalibansa labarin yanzu, sai dai yakan tsallake wuraren da ba su yi masa daɗi ba, ni kuwa a idona aka yi komai.

Malamin tauhidi ne. Ba yara yake koyarwa ba, manya ne, wasu har da furfura, fastocin da suka daɗe suna riƙe da ikilisiya sannan suka koma aji neman digiri na biyu, kaɗan daga cikinsu na uku. Makarantar tana can kudu da mu, tafiyar rabin yini a mota. Ni na ƙi barin Malumfashi, don nan nake koyarwa a firamare, nan gonar masarata take, kuma ban ga dalilin da zai sa in bar maƙwabtan da na saba faɗa da su in tafi neman sababbi ba. Saboda haka shi ke zirga-zirga. Ran Juma'a da yamma zai iso da jaka shaƙe da takardun ɗalibai, ya baje su a tabarma ƙarƙashin dalbejiya, yana karantawa yana tsaki yana jan layi da jan biro, awaki na kewaya shi suna neman wadda za su ci.

Ɗalibansa Dakta suke ce masa, abokan aikinsa Rabaran, ƙannensa Yaya, 'ya'yanmu Baba. Ni Malam nake ce masa, don a gidanmu mace ba ta kama sunan miji. Sai in raina ya ɓaci ko ina son tsokana nake cewa Dakta, kuma ya san bambancin. Wato tun da gwaggonsa da ta riƙe shi ta rasu, ainihin sunansa ya koma sai a takarda. Babu mai buɗe baki ya kira shi da shi.

Cikin duk darussansa, wanda ya fi ƙauna shi ne na ziyarar marar lafiya. Na haddace shi tsaf, ba don na taɓa zama ajinsa ba, sai don a kaina yake gwadawa. Ka jawo kujera kusa da gado. Kada ka tsaya ƙiƙam a kan mutum, ka zauna idonka ya yi daidai da nasa. In ya yarda ka riƙe hannunsa. Ka tambaye shi abin da ke ransa, sannan ka kama bakinka ka saurara, ko da shirun zai kai awa. Wata damina zazzaɓin cizon sauro ya kayar da ni, sai ga Malam ya jawo kujera, ya riƙe hannuna, ya kalle ni da idon tausayi ya ce, “Me ke ranki?” Na ce abin da ke raina shi ne tun safe awaki ba su sha ruwa ba, mai gidan kuma yana zaune. Ya tashi ya ba su. Amma gaskiya ɗaya ce, darasin yana aiki. Na sha ganin dattawa masu taurin rai suna narkewa a gabansa, suna amayar da abin da suka daɗe suna ɓoyewa, kuma ɗalibansa da yawa sun dawo suna yi masa godiya a kai.

Matsalar ita ce shi ɗan fari ne.

Ƙauyensu yana bayan Kafur, in ka ɗauki hanyar Gozaki ka ratse hagu ta cikin gonakin auduga. Mutanen wurin cikin Maguzanci suka tashi, daga baya wasu suka shiga coci, wasu suka musulunta, wasu tsofaffin suka ce su dai a bar su inda suka tarar da iyayensu. A tsarinsu na da, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta haɗa ido da shi, ba ta zama hira da shi. Kunya ke nan. Yanzu abin ya yi sauƙi, ni ɗiyata ta fari sunanta nake ƙwalawa har maƙwabta su ji. Amma surukata, wadda dukanmu muke ce wa Inna, tsohon hannu ce. Ana yaye shi aka kai shi wurin gwaggonsa a wani ƙauye, daga can ya wuce makarantar kwana ta mishan, daga nan karatu ya yi gaba da shi. Bayan mijinta ya rasu Inna ta karɓi baftisma. Ta bar tsafi, ta bar dafa giya, ta koyi waƙoƙin zumuntar mata har ta fi wasu 'yan boko iyawa. Kunya ce kawai ba ta bari ba.

In muka je gaishe ta, Malam zai tuɓe takalmi ya durƙusa a bakin ƙofa ya ce, “Inna, mun same ku lafiya?” Ita kuwa sai ta dubi kaji ta ce, “Sannunku da hanya.” Shi ke nan, an gama da shi. Sauran maganar ni ce mai ita.

“Ke, mutumin nan ya rame. Ba ki ba shi abinci?”

“Ina ba shi, Inna. Karatu ke cinye shi.”

“To ki ce mashi shi kwance wannan igiyar da ya shaƙe wuyanshi da ita, ko abincin ya samu hanya.”

Yana jin komai, tsakaninsu bai fi taku uku ba, amma sai na juya na maimaita masa, shi kuma ya kwance taye ya cusa a aljihu. Ranar da ya gama digirinsa na uku muka kai mata hoto, yana sanye da doguwar riga da hula mai tuntu. Ta riƙe hoton ta daɗe tana kallo, sannan ta miƙo mini ta ce, “Rigar ta yi mashi yawa.” Kowace kaka kuma sai ta cika kwando da gauta mai ɗaci ta ce a kai wa yara. Babu ɗaya cikin 'ya'yanmu da ke iya kai gautar nan baki, kuma ta sani. Mutum ɗaya ne a gidan ke cin ta, da gishiri da yaji, yana lumshe ido.

Ni na ɗauka wannan ya ishe shi, har nakan yi masa dariya a kai. Abin da ya buɗe mini ido autansu ne. Shi ya musulunta tun yana saurayi, ya zama ɗan kasuwar hatsi a Kafur, ya je Makka, kowa Alhaji yake ce masa ban da Inna. Ƙato da shi, da gemu da jikoki, amma zai shigo ya haye gadonta ya miƙe ƙafa, ya kwance ƙullin goronta ya zaɓi mafi girma. Ita kuma ta hau kiran sunansa tana zaginsa, ɓarawon goro, marar kunya, sunan nan ta kira shi sau goma kafin ya gama tauna. Wata rana ana cikin haka na waiga na ga Malam a durƙushe inda ya saba, yana kallonsu yana murmushi, irin murmushin da ba ya kai ido. A hanyar dawowa ya yi ta tuƙi har muka hango Malumfashi. Sannan ya ce, “Kin san ban san yadda sunana yake a bakinta ba?”

Na buɗe baki zan ba shi amsar tsokana, sai na ga fuskarsa. Na mayar da ita ciki. Tun daga ranar na daina yi masa dariya a kan wannan abu, don na gane mutumin da ke tuƙa ni, duk da furfurarsa da tarin littattafansa, abu ɗaya yake nema a duniya, kuma shekarun Inna suna tafiya.

Ciwon ya zo ne a ƙarshen damina, lokacin da masara ta bushe a kara ana shirin karya. Ƙafafunta suka kumbura, numfashi ya riƙa yi mata wuya. Alhaji ya kai ta asibiti, likita ya duba ya ce zuciyar ce ta gaji, ya ba da magani ya ce a mayar da ita gida a kula da ita. Duk mun gane abin da yake nufi. Malam ya nemi izini a makaranta, ni ma na nema a tawa, muka ɗaura kaya. Tun a mota na ga alamar ya zo da shiri.

“Wannan karon zan zauna da ita,” in ji shi. “Shekara nawa ina tura mutane bakin gadon iyayen wasu, ni in kasa zama bakin na uwata?”

Na ce, “Dakta, a hankali dai.”

Ya ce kunya al'ada ce, ba dokar Allah ba ce, kuma in mutum ya ga mutuwa ta matso, irin waɗannan abubuwa sukan zube da kansu. Ya ce har darasi yana da shi a kan haka, na zango guda. Ban musa masa ba, don in ya shiga bayani sai mu kai ƙauyen bai gama gabatarwa ba.

Muna isa da hantsi ya ɗauki 'yar kujerar tsuguno ya shiga ɗakinta kai tsaye, ɗakin da rabonsa da tsallake dokin ƙofarsa tun yana shan nono. Ya ajiye kujerar daf da gado. Ya zauna, ya sauko da fuskarsa daidai da tata, ya kama hannunta ya ce, “Inna, ni ne. Me ke ranki?”

Ta zare hannunta a hankali. Ta juya fuska bango, da ƙyar, don juyawar ma wahala take ba ta. Ta jawo zane ta rufe kanta.

Bai tashi ba. Ai shiru yana cikin darasin. Ya zauna yana saurare har kokon da na dama mata ya huce ya yi fata a sama. Da na roƙe ta ta sha, sai ta girgiza kai daga cikin zanen. Washegari ya koma, ya ƙara da karanta mata ayoyi da addu'a. Da ya ce amin ta amsa can ƙasa, amma ba ta juyo ba. Yini guda yana ciki, ba ya fita sai cin abinci, ita kuwa in yana nan ba ta ci, ba ta sha, ba ta motsi. Shi a ganinsa zuciyarta ce ke kokawa, saura kaɗan ta buɗe.

A rana ta uku da azahar ya fita wanke hannu, na matsa in gyara mata kwanciya, sai na ji shimfiɗar a jiƙe. Ashe tun safe take son zagayawa, amma ta kasa buɗe baki ta ce a kai ta, don ɗanta na fari yana zaune a kanta. Tsohuwar da ko a ciwo ba ta yarda a ga ƙurarta, ta kama hannuna tana kuka ba sauti, tana cewa, “Ki rufa mani asiri, 'yar nan. Kada shi gani.”

Na tare ƙofa na gyara ta, na canza mata zane, na shanya tabarmar a bayan rumbu. Sannan na fito da raina a ɓace. Na tarar Alhaji ya iso daga kasuwa, na faɗa masa a gaban yayansa, ban rage komai ba. Alhaji bai taɓa ɗaga wa Malam murya ba, amma ran nan ya ce, “Yaya, don girman Allah ka fito mata daga ɗaki. Ciwo bai kashe ta ba, kai za ka kashe ta da kunya. Wannan ba matar wani ba ce a asibiti, Inna ce.” Ni ma na ɗora nawa. Na ce masa karatun da zai hana tsohuwa shan koko kwana uku, gara a ba awakina takardun su ci. Na faɗi fiye da haka ma, wanda ba zan rubuta ba.

Bai kare kansa ba. Ya tsaya da hannu a jiƙe, ruwa na ɗiga daga yatsunsa, sannan ya juya ya nufi gona. Sai la'asar sakaliya ya dawo, wandonsa duk ƙarangiya. Ya zauna kusa da ni a bakin murhu ya ce, “Abin da na iya ke nan. Ban iya wani ba.” Duk fushin da na tanadar masa sai ya zube. Na ji tausayinsa har cikin ƙashina. Na zauna ina cire masa ƙarangiya ɗaya bayan ɗaya.

Da gari ya waye bai shiga ɗakin ba. Ya rasa abin yi da kansa, ya yi ta kai-kawo a tsakar gida, har ya ga kwandon gyaɗa da matar Alhaji ta ajiye ba a ɓare ba. Ya jawo shi ya zauna a ƙasa, ya jingina bayansa da bangon ɗakin Inna, daidai ƙarƙashin 'yar tagarta, ya fara ɓara. Ba dabara ba ce, kada wani ya ce muku dabara ce, ko da shi ne. Inuwa ce kawai a wurin.

Ina ciki da kwanon koko. Inna ta yaye zane daga kanta, ta kasa kunne.

“Wa ke ɓarar gyaɗa?”

“Mutumin nan ne, Inna.”

Ta saurari ƙas-ƙas ɗin. Sannan ta ce, “Ki ce mashi ta ƙuli ce. Shi ware ruɓaɓɓu, kada shi ɓata mani mai.”

Na matsa na zauna a dokin ƙofa, inda zan iya ganin su duka biyun, ita a gado, shi a gindin bango. Na maimaita masa, ko da yake tagar a buɗe take kuma ba kurma ba ne. Ya ce, “Ki ce mata na ji.” Na juya na ce mata ya ji. Ta miƙo hannu ta karɓi kwanon, ta shanye kokon tas.

Haka muka yi kwana goma sha wani abu. Kullum da hantsi zai jawo kwando ya jingina da bango, ni in zauna a dokin ƙofa, ita kuma ta fara ba ni labari. Ni take ba wa, shi wai ba ta san da zamansa ba. Labarin wani yaro ne da ta haifa tana ƙaramar yarinya, lokacin girbin gero, wanda ya zo da kai babba har ungozoma ta yi mita. Ta ce yaron yana da shekara biyar ƙyanda ta kama shi a gidan gwaggonsa, aka aiko cewa jikin ya yi tsanani. Ba ta da bakin cewa za ta je duba ɗan fari, surukai za su yi mata dariya har ta mutu. Sai ta ce rariyarta ta yage, za ta je aro. Ta taka tun daga nan har can, ta tsaya a bayan danga, ta ji tarinsa, ta karɓi rariya ta dawo. Washegari ta koma aron ludayi. Jibi muciya. Kwana bakwai tana aro, har ɗakinta ya cika da kayan da take da irinsu. Gwaggon ta gane, ba ta taɓa ce mata shigo ba, amma duk zuwan da ta yi sai ta ɗaga murya kamar da kaji take, ta ce yau dai an sha kunu, yau ƙurajen sun fara bushewa.

Ina jin wannan na lura ƙas-ƙas ɗin ya tsaya. Na leƙa, na ga Malam ya dunƙule gyaɗa a hannu, ya sunkuyar da kai. Inna ma ta lura.

“Ki ce mashi na ji hannu ya tsaya.”

Ya ci gaba da ɓara.

Wata rana ta ba ni labarin wa'azinsa na farko a cocin ƙauyen. Duk shekarun nan ya ɗauka ba ta je ba, don ya duba layin mata bai gan ta ba. Ashe tana waje ƙarƙashin taga tare da masu goyo, ta ji komai daga farko har ƙarshe. Na tambaye ta yaya ta ji wa'azin. Ta ce, “Ya yi tsawo.” Daga gindin bango muka ji dariya ta kuɓuce masa, irin wadda rabona da ji tun muna sabon aure. Ita ma na ga gefen bakinta ya motsa.

Da ta ga hanya ta buɗe, sai ta fara aiko ni da tambayoyi. Ashe tara su take yi shekara da shekaru, tana da malamin tauhidi a cikin 'ya'yanta amma ba damar tambaya. Wasu masu sauƙi ne, ya amsa su a taƙaice, don na gargaɗe shi cewa in ya kawo mini Helenanci ko Ibrananci ba zan ɗauka ba, ya shiga ya kai da kansa. Wata kuwa mai nauyi ce. Ta ce in tambaye shi ina ubansu yake yanzu, shi da ya mutu yana zuba wa kan gida, tsafin gidansu, jini bai taɓa taka coci ba. Gabana ya faɗi, don na san irin amsoshin da ke cikin littattafansa, kuma na san ba ya ƙarya ko don ya faranta wa mutum. Ya ajiye gyaɗar da ke hannunsa. Sannan ya ce, “Ki ce mata ban sani ba. Abin da na sani, wanda yake hannunsa ya fi mu jinƙai.”

Na kai mata. Ta jinjina kai ta ce, “Ashe akwai abin da bai sani ba. Madalla.”

Jikin yana ta ja baya. Kokon ya koma rabin kwano, ya koma cokali uku. Alhaji ya bar kasuwa a hannun yaransa ya tare a gidan, yana zama a gefen gadonta yana jan carbi, tana kiran sunansa a hankali in tana son ruwa. Matan zumunta suka riƙa zuwa suna yi mata waƙa. Gyaɗa ta ƙare, Malam ya koma ɓarar wake, don ya ce in hannunsa ba ya motsi ba za ta san yana nan ba.

Ranar da nake son ba da labarinta, an yi yayyafi da azahar, ruwan ƙarshe na shekarar, wanda ba ya jiƙa komai sai tayar da ƙamshin ƙasa. Alhaji ya tafi sallar la'asar. Mu uku ne, kowa a wurinsa. Na ɗauka barci take yi, sai na ji ta ce, “Ke.”

“Na'am, Inna.”

“Tambayar mani mutumin nan, tun da shi ne mai karatun. Can inda za mu, ana jin kunya?”

Ban gane ba da farko. Na ce wace irin kunya. Ta yi ɗan tsaki, irin na wadda aka sa ta faɗi abin da ba ta so.

“Ta ɗan fari mana. Can ma ana yi?”

Na juya wajen Malam. Ya riga ya ji. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu, yana kallon kwandon wake. Mutumin nan zai iya awa guda a kan kalma ɗaya, na sha ganin abinci ya huce a gabansa saboda haka, amma ran nan tabarau kawai yake ta juyawa a hannu. Duk da haka na yi aikina, na maimaita masa tambayar kalma bayan kalma.

Ya ce, “Ki ce mata babu. Can babu.”

Na faɗa mata.

“Ya tabbata? Ko don shi ji daɗin raina ne?”

“Ki ce mata na tabbata.”

Ta rufe ido tana numfashi da ƙyar. Can ta ce, “Waccan ya ce bai sani ba. Wannan ya ce ya sani. To na yarda.” Na ɗauka maganar ta ƙare. Sai ta ce, “Ki ce mashi shi yi haƙuri shi jira. Sunan nashi ina riƙe da shi.”

Wannan saƙon na kasa kai shi. Na buɗe baki sau biyu, kuka ya tare ni. Shi kaɗai ne cikin duk saƙonnin da ban maimaita ba, kuma shi kaɗai ne Malam bai jira na maimaita ba. Ya jingina kansa da bangon, ya ce da muryar da ta isa taga, “Na ji.” Inna ba ta ce in gaya masa komai ba. Ba ta kuma ja zane ta rufe kai ba.

Bayan kwana huɗu ta cika, da sassafe, rana ta fara hawa, kanta a cinyar Alhaji, Malam yana gindin bangonsa. An binne ta a bayan coci. Musulmin gidan da masu addinin gargajiya duk sun zo, suka tsaya daga baya har aka gama. Dattawan ikilisiya suka so Malam ya yi wa'azi, ya ce a'a, yau shi ɗa ne, faston ƙauyen ya yi. Faston kuwa tsohon ɗalibinsa ne, yana yi yana satar kallonsa kamar mai jiran jan biro.

Yanzu darasin ziyarar marar lafiya ya canza. Na ga sabuwar takardar a tabarma. Jawo kujera da riƙe hannu suna nan, amma sun koma na biyu. Na farko shi ne ka tambayi mutanen gidan inda ya kamata ka zauna, in sun ce waje, ka zauna waje. Na ce masa wannan ai ni da Alhaji muka rubuta, ya kamata a sa sunanmu. Ya ce zai duba.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai ranar da muka baro ƙauyen ne, bayan an share makoki. Matar Alhaji ta sa mana kwandon gauta a bayan mota, ta ce Inna ce ta ce a tsinka wa yara tun kafin ta cika. Muka bi ta cikin gonakin auduga, ta fara fashewa fari fat. Ina kallonsa ta gefen ido, ina tunanin yanzu duk duniya babu sauran wanda zai kira mutumin nan da sunansa. Abin ya dame ni ƙwarai. Da muka hau kwalta na daure, na ajiye kunyar tawa a gefe, na ce, “Malam, in kana so, ni sai in kira maka shi. Yau ɗaya dai.”

Ya rage gudu ya dube ni, idanunsa jajur, amma yana murmushi, wannan karon har ido.

“Bar shi,” in ji shi. “An ce in jira.”